Fannonin Karatu a Jami'o'in Ƙetare da Buƙatun Yammacin Zamfara ta Fuskar Farillar Kifaya

Gabatarwa

Idan aka ce yaro ya sami gurbin karatu a ƙasar waje daga Anka ko Gummi ko Bukkuyum, tambayar farko da dangi ke yi ita ce: wace ƙasa? In aka ce Madina sai a yi kabbara, in aka ce Masar ko Sudan a yi barka da arziki. Ba safai ake samun wanda zai tambayi wace tsangaya zai shiga ba, ko da wane harshe za a karantar da shi, ko kuma takardar da zai dawo da ita wace ƙofa za ta buɗe masa a gida. Alhali amsoshin waɗannan tambayoyi su ke yanke hukuncin abin da shekarunsa huɗu ko shida za su haifar, a gare shi da kuma garin da ya fito.

Wannan maƙala tana bayani ne kan fannonin da ke buɗe ga ɗalibin da ya fito daga wannan yanki, musamman wanda ya taso ta makarantun Arabiyya da Islamiyya, tare da auna su da ma'aunin da malaman fiƙihu suka riga suka aza, wato bambancin farillar da ta hau kan kowane mutum da farillar kifaya. An ɗauki Tungar Daji, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Anka, a matsayin madubi, saboda abin da ya same shi da maƙwabtansa a shekarar 2010 ya fito da wani giɓi na ilimi fili, irin giɓin da ba a cike shi da wa'azi kaɗai.

Tafarkin da magabata suka share

Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Aya ta 122 a Suratut Tauba ta ɗora wa kowace jama'a nauyin fitar da wani sashe nata domin ya fahimci addini, ta kuma haɗa fitar da dawowa da gargaɗin mutanen gida. Imamul Buhari ya ambaci tafiyar wata guda da Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, ya yi zuwa wurin Abdullahi ɗan Unais saboda hadisi ɗaya, Haɗibul Bagadadi kuma ya keɓe littafi sukutum kan irin waɗannan tafiye-tafiye. Amma maganar nan da ta shahara a bakin masu jawabin walima, wadda ke ambaton ƙasar Sin, malaman hadisi ba su inganta ta ba, har Ibnul Jauzi ya sanya ta cikin ƙagaggun hadisai. Mas'alar ba ta buƙatar ta, tun da dalilai ingantattu sun wadatar.

Ƙasar Hausa ta daɗe a kan wannan hanya. Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine masanin lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin sanannen marubucin tarihin Masar. Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya haɗu da Murtala Azzabidi a Masar ya karɓi ijaza daga gare shi. Abin lura shi ne na farkon ya yi suna ne a fannin da yau za a kai shi tsangayar kimiyya, na biyun kuma a fannin hadisi da isnadi, kuma ba wanda ya ga ɗayansu ya bar hanya.

A zamanin Turawa sai tafiyar ta koma hannun hukuma. An buɗe Makarantar Shari'a ta Kano a 1934 da malamai 'yan Sudan, ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Daga cikin waɗanda ta yaye akwai ɗan alƙalin Gummi, Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa, wanda ya koyar a Maru kafin a tura shi Bahtur Ruda ta Sudan a 1954 tare da wasu abokan karatunsa. Bahtur Ruda cibiyar horon malamai ce da Ingilishi suka kafa a 1934 kusa da Duwaim a gaɓar Farin Nilu, kuma sun fifita ta a kan Azhar ne don tsoron kada ɗalibai su kwaso siyasar Masar ta lokacin. Wato tun wancan lokaci mai biyan kuɗi shi ke zaɓar makaranta da fanni. Shaihu Gumi ya dawo ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987. Mutanen Gummi ba su buƙatar a kawo musu misali daga nesa kan abin da tafiya ɗaya za ta iya haifarwa.

Tsangayoyin addini da bambancin manhajojinsu

Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1381 bayan hijira, daidai da 1961, ita ce ta fi kwarjini a idon ɗaliban Arewa. Ta fara da Tsangayar Shari'a, sai Da'awa da Usuluddini a 1386, Alƙur'ani a 1394, Harshen Larabci a 1395, sannan Hadisi a 1396. Daga baya ta ƙara tsangayoyin kimiyya da injiniyanci da kwamfuta. Wanda Larabcinsa bai nuna ba yakan fara da cibiyar koyar da harshe ga waɗanda ba Larabawa ba, abin da kan ci shekara ɗaya zuwa biyu kafin a fara lissafin digiri.

Waɗannan tsangayoyi ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a gida duk wanda ya dawo ana ce masa “ɗan Madina” a yi masa tambaya kan gado da saki da rikicin gona ba tare da an duba me ya karanta ba. Tsangayar Alƙur'ani tana horar da ɗalibi kan ƙira'o'i ta Shaɗibiyya da Durra, da rasamu da dabaɗi da ƙidayar ayoyi da tafsiri. A nan Shaihu Ja'afar Mahmud Adam ya yi digirinsa na farko kafin ya yi na biyu a Hartum. Gardin da ya haddace da ruwayar Warshu a tsangayar gida yana shiga wannan fage da jari a hannu, domin abin da wasu za su koya a matsayin ƙira'a ta biyu shi da shi ya tashi. Tsangayar Hadisi tana koyar da musɗalahi da jarhu da ta'adili da tahariji da ilal, kuma ita ta yaye irin su Dakta Ahmad Ibrahim Bamba da Dakta Muhammad Sani Umar Rijiyar Lemo. Tsangayar Shari'a kuwa ta gina fiƙihunta a kan Bidayatul Mujtahid na Ibnu Rushdi, usulunta kuma a kan Raudatun Nazir na Ibnu Ƙudama, littafin da Shaihu Muhammadul Amin Shanƙiɗi ya yi wa taƙaitaccen sharhi sa'ad da yake koyarwa a can.

A nan akwai wurin tsayawa. Bidaya littafi ne na saɓani da sabubbansa: yana nuna wa ɗalibi dalilin da ya sa malamai suka rabu, ba ya horar da shi kan rassan mazhaba ɗaya daki-daki. Wannan falala ce babba ga wanda ya riga ya ratsa Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Askari a zauren gida, ya leƙa Muhtasar. Ga wanda ya tafi bai san waɗannan ba kuwa, yakan dawo ya san ra'ayoyi huɗu a mas'ala bai san wanne ne mashahuri a mazhabar da kotun garinsu ke hukunci da ita ba. Jihar Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, dokar ta fara aiki a Janairun 2000, kuma ginshiƙinta mazhabar Malikiyya ce. Mai burin alƙalanci a Anka ko Gummi ba shi da makawa daga Muhtasar da sharhohinsa da Tuhfatul Hukkam, ko ya karance su kafin ya tafi, ko ya durƙusa gaban malamin zaure bayan ya dawo. Da yawa daga cikin gardandamin da ke tashi tsakanin masu dawowa da malaman gida asalinsu wannan giɓi ne, ana ba shi sunan aƙida alhali matsalar ta manhaja ce.

Azhar tsarinta daban. Dokar 1930 ta kasa karatunta na sama zuwa tsangayoyi uku, Usuluddini da Shari'a da Harshen Larabci, sai doka mai lamba 103 ta 1961 ta shigo da likitanci da injiniyanci da noma da kasuwanci, aka kuma buɗe wa mata nasu tsangayoyin. Ɗalibi yana iya karatun fiƙihu a kan mazhabarsa, Bamalike ya karanta Sharhus Sagir na Shaihu Dardir, aƙida kuma ana koyar da ita bisa tafarkin Ash'ariyya, saɓanin Madina inda Sharhin Ɗahawiyya na Ibnu Abil Izzi da littattafan Ibnu Taimiyya ke kan gaba. Bai kamata uba ya jahilci wannan ba, ko wane ɓangare yake. A Usuluddini ana rabuwa zuwa tafsiri, ko hadisi, ko aƙida da falsafa, ko da'awa. Sashen Shari'a da Doka yana ɗaukar shekara biyar, sai dai dokar da ake haɗawa da Shari'ar ta Masar ce, mai tushe a tsarin Faransa, ita kuwa Nijeriya tsarin Ingila ta gada. Babban abin da ke cin shekarun baƙo a Azhar shi ne mu'adala: in ba a daidaita takardar sakandarensa da ta Azhar ba, sai a yi masa jarrabawar tantance matsayi a mayar da shi cibiyar harshe ko ajin sakandare na baƙi, ya yi shekaru kafin ya taka jami'a.

Mai neman zurfi a fiƙihun Malikiyya da maƙasid yana da Maroko, inda Ƙarawiyyin take da Darul Hadis Alhasaniyya ta Rabat wadda aka kafa a 1964, da cibiyar horon limamai da masu shiryarwa maza da mata da aka buɗe a 2015. Kusa da gida kuma akwai Jami'ar Musulunci ta Say a Jamhuriyar Nijar, wadda taron ƙolin ƙasashen Musulmi na Lahor ya yanke shawarar kafawa a 1974 tare da 'yar'uwarta ta Mbale a Yuganda. Say tana da Shari'a da Larabci, tana da sashen mata a Yamai, kuma daga Gummi tafiyar mota ce ta Kamba da Gaya da Doso. Ana raina ta ne kawai don babu jirgi a tafiyar.

Abin da Tungar Daji ta tambaya

A farkon shekarar 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bayan amai da jijjiga da suma, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba ya tasiri. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Tashin farashin zinariya ya sa mutane sun duƙufa ga haƙa, duwatsun yankin kuma cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gida, a farfasa, a niƙa da injin niƙan hatsi ko a daka a turmi, a wanke, a kama zinariyar da zaiba. Ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna da bakin rijiya, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Jikin yaro ya fi na babba saurin tsotse dalma, ƙwaƙwalwarsa kuma ta fi saurin lalacewa da ita. Aƙalla yara 400 suka rasu. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu ya gano kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun rasu cikin shekara guda. Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru da 'Yargalma su aka fara yi wa aiki, Bagega kuwa sai 2013 aka kai gare ta saboda jinkirin sakin kuɗi.

Maganin yana da matakai da ba a tsallake ɗaya. Akwai ƙwayar da ke kama dalma a jini ta fitar da ita ta fitsari, amma ba ta da amfani in yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa cutar. Dole sai an auna ƙasar kowane gida, an kankare samanta, an kai ta rami na musamman an binne, an zubo sabuwa, sannan a fitar da aikin niƙa daga cikin gari. Jagorancin aikin kankare ƙasa ya faɗa hannun wani kamfanin injiniyoyin muhalli na Amurka, TerraGraphics, da cibiyar Blacksmith, jinya kuma a hannun MSF a asibitocin Anka da Bukkuyum. Waɗannan ƙauyuka ba su rasa limamai ba, ba su rasa mahaddata ba, ba su rasa wanda zai yi wa yaran salla ba. Wanda ya san abin da ke cikin ƙurar shi aka rasa.

Imamul Gazali ya yi magana a kan irin wannan hali a Kitabul Ilmi na Ihya'u. Ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, haka tushen sana'o'i kamar noma da saƙa, ya kuma koka da yadda za a sami gari babu likita Musulmi alhali mutanensa na rububin fiƙihun saɓani da jayayya, har ya danganta hakan da cewa fiƙihu ke kai mutum ga alƙalanci da riƙon wakafi da ɗaukaka. Ma'anar farillar kifaya ita ce in wasu suka tsaya da ita ta faɗi daga kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi gwargwadon ikonsa. Jagororin jihadi sun fahimci haka: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da ciwon ido da basir. Saboda haka garin da ke da masu digirin da'awa goma ba shi da mai gwajin jini ko ɗaya, ɗalibinsa na goma sha ɗaya ya fi kusa da sauke farilla in ya nufi ɗakin gwaje-gwaje. Wannan ba rage darajar ilimin Shari'a ba ne, hukunci ne daga cikin hukunce-hukuncensa.

Fannonin da wannan musiba ta nuna buƙatarsu sanannu ne: likitancin yara, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ilimin guba, lafiyar al'umma da ta muhalli, jinya da ungozoma, kimiyyar ƙasa da duwatsu, injiniyancin ma'adinai, da na ruwa. Kuma akwai su a ƙasashen da iyaye suka riga suka natsu da su. Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda tana da tsangayar kimiyyar ƙasa da sashen injiniyancin ma'adinai. Jami'ar Sarki Fahad ta Zaharan, wadda ta faro a 1963, ta man fetur da ma'adinai ce. Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa ta Maleshiya, ta 1983, tana da likitanci da harhaɗa magunguna a Kuwantan da injiniyanci a Gombak, tana kuma haɗa wa kowane ɗalibi darussan addini. Jami'ar Fasaha ta Musulunci a Gazipur ta Bangaladash mallakar Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ce. A Tarkwa ta ƙasar Gana akwai jami'a guda da ta keɓanta da ma'adinai, a tsakiyar yankin da ya daɗe yana fama da ƙananan masu haƙar zinariya irin na Anka.

Sai dai ƙofar waɗannan fannoni ba a filin jirgi take ba, a aji huɗu na sakandare take. Likitanci a Masar, har a Azhar kanta, da Turanci ake karantar da shi, haka injiniyanci a Zaharan da Maleshiya. Kimiyya a Maroko da Faransanci. Tallafin Turkiyya kuma yana farawa da shekara guda ta koyon Turkanci. Wanda ya fito da Larabci kaɗai, babu sakamakon kimiyyar sinadarai da ta halittu da lissafi a WAEC ko NECO, an riga an rufe masa su tun bai cika takarda ba. Makarantun da ke shirya ɗalibai don jarrabawar NBAIS suna da damar haɗa ɓangaren kimiyya da tahfizi, kuma wannan shi ne gyara mafi araha da masu makarantun Islamiyya a yankin za su iya yi. Gaskiya ne rashin tsaro ya dagula lissafi, tun daga sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021 zuwa rufe makarantun jihar a cikin wannan shekara, amma hakan ƙara nauyin farillar ya yi a kan 'yan kaɗan da suka tsira da karatunsu. Batun mata ya fi tsanani, domin a yankin da mace kan ƙi zuwa asibiti don kada namiji ya duba ta, likita mace da ungozoma ba ado ba ne. Jami'o'in Saudiyya sun daɗe suna sharɗanta muharrami ga ɗaliba baƙuwa, don haka iyali da yawa suka fi karkata ga Azhar da Sudan da sashen mata na Yamai.

Shi kansa mai karatun Shari'a yana da rabo a wannan fage. Malikiyya sun sanya al'amarin ma'adini a hannun shugaba, sun wajabta rubu'in ushuri a kan zinariyar da aka haƙo in ta kai nisabi ba tare da jiran shekara ba, sun kuma ware tsantsar da aka tsinta ba da wahala ba suka ce humusi ne a kanta. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ita ce kuma ta hana haƙa a Zamfara a Afrilun 2019 ta ɗage hanin a Disambar 2024. Wa ke da lamunin yaron da ƙurar maƙwabci ta nakasa? Mene ne hukuncin niƙa dutse a tsakar gida bayan masana sun tabbatar da cutarwarsa? Waɗannan batutuwa ne na digiri na biyu da na uku da suka fi amfani ga Anka fiye da sake tahƙiƙin littafin da aka riga aka buga sau uku.

Fannonin da ke tsakani

Akwai fannoni da ke tsaye da ƙafa ɗaya a Shari'a ɗaya a kasuwa. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da sukuk ɗinta na farko na naira biliyan 100 a 2017, ana neman wanda ya haɗa fiƙihun mu'amala da ilimin akanta. Maleshiya ce cibiyar wannan karatu, musamman INCEIF da babban bankin ƙasar ya kafa a 2005, ko da yake Jami'ar Bayero ma tana da cibiyarsa. Nazarin Musulunci a jami'o'in Turai kamar SOAS ta Landan ko Bairoit ta Jamus wani abu ne daban: ana nazarin addini ne a matsayin tarihi da zamantakewa, ba a yaye mufti. Yana da amfani ga wanda ya riga ya ƙoshi, musamman wajen dabarun bincike da adana rubuce-rubucen hannu irin waɗanda ke jibge a cibiyar Waziri Junaidu ta Sakkwato da gidajen malamai, amma ba wurin fara karatun addini ba ne.

Takarda da ƙofar da take buɗewa

Duk takardar da aka samo a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta kafin a shiga bautar ƙasa, kuma wanda ya wuce shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi. Likita sai ya ci jarrabawar hukumar MDCN, haka mai harhaɗa magunguna da ma'aikaciyar jinya da injiniya, kowa da hukumarsa. Digirin Shari'a zalla ba ya mayar da mutum lauya. Hanyar lauya ita ce digirin doka da Makarantar Horon Lauyoyi, shi ya sa haɗaɗɗen digirin Shari'a da doka na Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo ya fi dacewa da mai wannan buri. Amma sashe na 276 na tsarin mulki ya buɗe kujerar Kadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga wanda ya riƙe karɓaɓɓiyar shaidar ilimin Shari'a shekara goma, in yana da gogewa ko ya shahara da malanta. Mai son koyarwa kuma yana buƙatar shaidar fannin tarbiyya kafin rajistar malamai.

'Yan shekarun nan sun koyar da darussa masu ɗaci. Yaƙin Yukren na 2022 ya katse karatun ɗaliban likitanci, hukumar likitoci kuma ta ƙi amincewa da karatun asibiti ta intanet. Yaƙin da ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya watsa ɗaliban Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, wadda tun zamanta jami'a a 1992 ta kasance matattarar 'yan Arewa masu karatun Shari'a da tarbiyya da likitanci, aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar da Fot Sudan, wasu ba ko takardar sakamakon shekarun da suka yi. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida, abin da ya shafi har waɗanda suka yi karatun gaskiya. A shekarar dai jaridu suka yi ta ruwaito halin da ɗaliban Zamfara suka shiga a arewacin Saifurus kan taƙaddamar kuɗin makaranta. A 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta sanar da dakatar da tallafin musayar ɗalibai da ke kai yara Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari. Ɗalibi mai hankali yakan karɓi takardar sakamakonsa a ƙarshen kowace shekara ya adana kwafinta a gida, ya kuma tabbatar da matsayin jami'ar a wurin hukumar sana'arsa kafin ya biya ko sisi ga dillali. In kuma fannin yana samuwa a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ta jiha a Talatar Mafara ko a Sakkwato, sau da yawa ya fi a yi digirin farko a gida a ajiye tafiya don ƙwarewa.

Wa zai ɗauki nauyi?

Tallafin Saudiyya da na Azhar sun fi sauƙin samu a fannonin addini, wannan ma yana cikin dalilan da suka sa ɗalibai ke kwarara can. Likitanci da injiniyanci galibi da kuɗi ake yin su, kuma tallafin gwamnatin jiha yakan rayu ne da rayuwar gwamnatin da ta fara shi. Malamai da dama sun halatta bai wa matalaucin da ya duƙufa ga ilimi mai amfani zakka ta fuskar talaucinsa, amma Malikiyya sun taƙaita kason fi sabilillahi ga jihadi, don haka gina tallafin shekara shida a kan wannan kaso yana da rauni a mazhabar. Wakafi ya fi faɗi, domin mai yin sa yana da ikon sharɗanta fanni da gari da shekarun hidima bayan dawowa, kuma sharaɗinsa abin bi ne matuƙar bai saɓa wa Shari'a ba. Zamfara tana da Hukumar Zakka da Wakafi da za ta iya riƙon irin wannan, masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum kuma suna da attajiran da zinariyar yankin ta yi wa rana. Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibnu Rashiƙ ta Malikiyya a tsohuwar Alƙahira, wadda mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina ta a ƙarni na 13 miladiyya, suka kuma ci gaba da aika mata da kuɗi daga ƙasarsu. Daga baya Azhar ta ware wa 'yan Barno ruwaƙinsu, inda ɗalibi ke samun wurin kwana da rabon gurasa daga dukiyar wakafi.